Ruwan Farko Ba Na Shuka Ba Ne

A Jos ba mu cika kuka da zafi ba. Garin bisa tudu yake, ya ɗara mita 1,200 sama da teku, shi ya sa lokacin da 'yan'uwanmu na Sakkwato da Maiduguri ke kwana a tsakar gida da mafici a hannu, mu nan wani lokaci sai mun ja mayafi kafin asuba. Duk da haka muna da tamu bazarar. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa cikin Afrilu hazo yakan janye, rana ta fito da ƙarfinta, duwatsun Shere su yi furu-furu kamar an watsa musu toka. Rijiyoyin unguwa su ja baya har sai an ƙara wa guga igiya, 'yan garuwa su ƙara kuɗin jarka, ciyawar da wuta ba ta cinye ba ta bushe ƙayau. Duk inda ka taka, ƙasa ce ja, busasshiya, a tsattsage.

A tsakiyar wannan ƙuna ne itatuwa ke yin wani abu da na yi shekaru ina wucewa ban kula da shi ba. Tun kafin ɗigon ruwa ya sauka suke fara tofo. Mangwaro ya fito da sababbin ganye jajaye masu laushi, ɗorawa ta yi shar, kaɗanya ma ta bi sahu. Babu hadari, babu ko alamarsa. Da laimar da saiwa ta bi ta samo can ƙarƙashin ƙasa suke wannan aiki, inda ba mai gani. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ina da baffa, ƙanen mahaifina, da ke noma a bakin wani tsohon tafkin kuza a wajen Bukuru. Da rani lambu yake yi, kabeji da karas da latas, yana jan ruwa da inji. Da damina kuma masara da dankalin turawa. Wata shekara, wajen ƙarshen Maris, na je gaishe shi sai aka tsuge da ruwan farko. Wanda ya san ƙamshin ƙasa a irin wannan rana ya san abin da nake nufi. Yara suka fito suna tsalle a ciki, iska ta yi sanyi, fuskar kowa a sake. Da aka ɗauke na ce masa, "Baffa, to sai shuka ke nan." Bai amsa ba. Ya sunkuya ya tura yatsansa cikin ƙasa, ya zaro ya nuna mini. Gaɓa ɗaya ce ta jiƙe, sauran ƙura ce. Ya ce, "Malam," don haka yake kirana tun da na fara koyarwa, "wannan ai ruwan wanke ganye ne. Wanda ya shuka a kansa, rana ya shuka wa. Iri zai ji laima ya tsage ya leƙo, sai a ɗauke ruwa mako biyu, ya ƙone. Ga asarar iri, ga ta ƙarfi, sannan ka koma kasuwa ka saye shi lokacin da ya yi tsada."

Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, kuma ta sha jan kunnen manoma kada ruwan da ya zo da wuri ya ruɗe su. Abin da na'urorinta ke faɗa, yatsan Baffa ya daɗe da sani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne abin da yake yi a cikin jiran nan. Ban taɓa zuwa da bazara na same shi kwance a inuwa yana duban gabas ba. Lokacin ne yake sharar gona, yana tara karan bara. Lokacin ne ake kawo masa kashin kaji da tokar juji daga cikin gari, ya zauna shi da yaransa suna tsince leda da fasassun kwalabe da gwangwanaye, su tankaɗe, su watsa. Ƙasar wurin ba haka nan ta yi albarka ba. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka shiga haƙar kuza a wannan tudu, kuma ita ce ta tara garin Jos. Kakanmu ma ita ta rabo shi da ƙasar Kano. Suka juya cikin ƙasa waje, suka kwashi abin da za su kwasa, farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, aka bar mana ramuka da tsibin yashi da tafkuna masu zurfi da har yau suke cin mutane. Masu lambu ne suka bi wannan ƙasa da aka raunata, shekara bayan shekara, kwandon taki bayan kwandon taki, har ta koma tana ba da kabejin da ake lodawa a Farin Gada ana kai wa kudu da arewa.

A wani ɗaki mai shan iska kuma irin dankali ne a shimfiɗe. Dankalin da aka haƙe ba ya tsira nan take, sai ya yi watanni yana barci kafin idanunsa su buɗe su fito da tsiro. Baffa yakan shiga ya jujjuya su ɗaya bayan ɗaya, ya cire wanda ya ruɓe kada ya shafi 'yan'uwansa.

Wannan ne haƙurin da bazara ke koyarwa, kuma ina jin mun bar kalmar ta lalace a bakinmu har ba ma gane shi in mun gan shi. Haƙurin manomi yana da iri a ɗaki, yana da aikin da ake tashi da shi kowace safiya, yana kuma da wa'adi. Baffa ya san in Allah ya yarda ruwa zai zauna kafin Mayu ya yi nisa, ya san dankali wata uku ne. In aka cire waɗannan, abin da ya rage zaman jiran gawon shanu ne. Ciwonmu a ƙasar nan ta fuska biyu ya kama mu, kuma kowace fuska tana ciyar da 'yar'uwarta: na ƙasa sun daina jira, na sama kuma suna neman a jira su alhali ba a ga abin da suka shuka ba.

Bari in fara da mu.

Mangwaro a cikin sanyi yake fure, sannan 'ya'yan su yi watanni suna girma a cikin rana kafin su nuna. Zafin nan da muke kuka da shi, shi ke dafa su. Yanzu kuwa tun bai ƙosa ba ake kakkaɓo shi, a zuba a kwali ko a rufe da buhu, a cusa ƙullin kabayid, sinadarin nan na masu walda, kwana biyu sai ya yi jawur. Ayaba ma haka ake yi mata. Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta yi ta gargaɗi a kan illar abin ga lafiya, amma ba a daina ba. Kana gani a tire ka ce zuma ce, ka gatsa ka ji lami, wani ma tsami. Launi ya zo, zaƙi bai zo ba, domin abin da ke zama zaƙi a jikin uwa ake tara shi, kuma an rabo shi da uwar tun bai gama tarawa ba.

Ni malamin firamare ne, na kusa shekara ashirin da alli a hannu, kuma wallahi kullum na ga mangwaron kabayid sai na tuna ajina. Firamare shekara shida ce a tsarin ƙasar nan. Amma ya zama abin ado a cire yaro daga aji biyar, wani ma daga aji huɗu, a tura shi sakandare, don a ce ɗan wane ya gama da ƙananan shekaru. Uba zai zo ya same ni ya ce, "Malam, ai yaron nan yana da ƙoƙari, ɓata masa lokaci ake yi." Na buɗe masa littafin yaron na nuna masa cewa har yanzu rabawa mai tsawo tana ba shi wuya, ya ce a can zai koya. Ba ya koya a can. A can ginin ake ɗorawa, ba a komawa tushe. Shekara shida bayan nan uban nan ne zai bi dare yana neman cibiyar jarrabawar da ake rubuta wa yara amsa a allo, ya biya kuɗi masu yawa, yaro ya fito da sakamako mai kyau a takarda, ba ya iya rubuta wasiƙar neman aiki. A 2024 ƙasa ta ɗauki zafi kan shekarun shiga jami'a, ko 18 ko 16, aka yi ta musu a rediyo. Ban ji an tsaya sosai a kan tambayar da ta fi damuna ba: ɗan shekara goman da muke turawa gaba, yana iya karanta shafi guda ya faɗi abin da ya karanta?

Koyon karatu da idona na ga yadda yake, sau ɗaruruwa. Akwai wata yarinya da na taɓa koyarwa a aji uku, shiru-shiru, tana zama kusa da taga. Zango biyu cur muna fama. Ta san baƙaƙe, ta san wasula, amma haɗa su ya gagara. In ta ga "ba" da "ki" sai ta faɗe su a rarrabe, ta dube ni, ba ta ji cewa "baki" ta faɗa ba. Mahaifiyarta ta zo ta ce ita dai ta gaji, gara ta ɗora mata talla, boko ba rabonta ba ne. Na roƙe ta ta ƙara mana zango ɗaya. Kullum bayan an tashi muna ƙara minti goma sha biyar, kalma biyar, wani lokaci uku. Ba abin da ya canza da za a nuna wa uwa. Ran nan da safe ta shigo da gudu, ko gaisuwa ba ta gama ba, ta ce, "Malam, a bayan motar can an rubuta Allah ya kiyaye hanya." Ba wanda ya sa ta. Ta gani ne kawai, ya karantu. Daga wannan mako har ƙarshen shekara babu allon shago ko kwalin sabulu da ya tsira daga bakinta. Wanda ya gan ta ran nan zai ce dare ɗaya ta iya. Ni na san wata nawa saiwar ta yi tana tafiya a ƙasa.

Iyayenmu sun san wannan tun kafin boko. A makarantar allo malam ba ya yi maka ƙari sai ka biya na jiya ya zauna, ba ka wanke allo don ka gaji da ganinsa. Alƙur'anin kansa cikin shekara 23 ya sauka.

A wajen neman kuɗi ne abin ya fi muni. A 2016 MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet, ta karaɗe ƙasa da alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata guda, a watan Disamba ta rufe asusun mutane. Hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta ce 'yan Najeriya kimanin miliyan 3 ne suka yi asarar wajen naira biliyan 18. Kowa ya ce an ji jiki, ba za a ƙara ba. A 2024 sai ga samarinmu a kowace majalisa kai a sunkuye, suna ta dannan fuskar waya dare da rana wai suna haƙar kuɗin intanet. A Afrilun 2025 wata harkar zuba kuɗin, CBEX, ta tafi da dukiyar wasu dubbai, ita kuma ninki ta yi alƙawari cikin kwana 30. Suna ne kawai ke canzawa. Kowanne ruwan farko ne, ga ƙamshi, ga sanyi, gaɓa ɗaya ta jiƙe.

Ɗan yayata yana cikin waɗanda irin wannan ta ci. Ya gama difloma, ya yi shekara biyu yana yawo da takardu, sai ya sayar da babur ɗin da yake ɗan nema da shi, ya haɗa da kuɗin adashin mahaifiyarsa, ya zuba a wata harka ta waya da abokinsa ya nuna masa. Wata na farko aka biya shi. Na biyu shafin ya ƙi buɗewa. Yayata ta kira ni in yi masa faɗa, na je da karin maganata a shirye: sauri ya haifi nawa, zafin nema ba ya kawo samu. Ya bari na gama, kansa a ƙasa, sannan ya ce, "Kawu, kun ce mu yi karatu, mun yi. Kun ce mu yi haƙuri, mun yi. Kai shekara nawa kana koyarwa, albashinka yana kai ka ƙarshen wata? To haƙurin nan, yaushe ne ƙarshensa?"

Ban sami amsa ba a ranar, kuma ba na jin karin magana tana amsa wannan tambaya. Yaron ya yi kuskure, kuskure babba, har da haƙƙin mahaifiyarsa a ciki. Amma tambayarsa gaskiya ce, kuma ita ta sa na daina yi wa matasa wa'azin haƙuri ba tare da na juya na dubi ɗaya fuskar ba.

Tun muna yara ake ce wa talakan ƙasar nan ya yi haƙuri. An yi shirin ciyar da ƙasa na 1976, an yi juyin noma na zamanin Shagari, an zo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 aka ce a tsuke bakin aljihu na ɗan lokaci. An sa mana 2010 a gaba aka ce a nan za a huta, da ta matso aka matsar da ita 2020. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi, aka sake cewa a yi haƙuri, daɗi na nan tafe. A nan Jos ba sai mun je nesa ba. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002. Jaririn da aka haifa a watan ya isa aure, sama da shekara ashirin ke nan ana alƙawarin sake gina ta, 'yan kasuwa suna rakuɓe a bakin titi.

Ba na cewa kowane gyara dare ɗaya ake yin sa. Ni da na yi zango biyu a kan "ba" da "ki" ba zan faɗi haka ba. Wutar lantarki, makarantu, darajar naira, duk abubuwa ne masu cin shekaru, kuma shugaban da ya ce zai gyara su cikin wata shida shi ma mai kabayid ne. Amma manomin da ya ce wa iyalinsa su jira kaka, suna ganin kunyoyin da ya yi, suna ganin irin a ɗaki, suna ganin shi ma tuwon da suke ci yake ci. In shugaba ya ce mu yi haƙuri, haƙƙinmu ne mu sunkuya mu tura yatsa a ƙasa. Me aka shuka, a ina, nawa aka kashe, yaushe za a girbe, kuma shi mai cewa a yi haƙurin me ya rage daga nasa jin daɗin? Wannan tambaya ba rashin tarbiyya ba ce, ba kuma rashin tawakkali ba. Wanda ya hana a yi ta, ya mai da haƙuri bargon rufe ɓarna, kuma shi ne ke koya wa yaranmu cewa jira aikin wawaye ne.

Akwai wani abu da ya faru a ƙasar Hausa, ƙetaren iyaka kaɗan, da ya kamata a ce kowane ɗan makaranta a arewa ya san shi. Bayan farin shekarun 1970, gonakin Maraɗi da Damagaram sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da yashi. An yi ta dasa itatuwa ana kashe kuɗi, yawanci suna mutuwa. Sai wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne. Tofon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙasa. Abin da ake bukata kawai a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kare su daga wuta da dabba. Manoma suka sa wa abin suna sassaben zamani. Daga gona zuwa gona, maƙwabci yana gani wajen maƙwabci, cikin shekara ashirin da wani abu aka farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200, da yawansu gawo ne. Ba biki, ba rumfa, ba mai ɗaukar hoto. Mu kuwa kowace damina sai an tara jama'a babban mutum ya dasa itace ɗaya an riƙe masa laima, kafin bazara akuya ta cinye.

Abin lura a labarin nan shi ne, aikin bai kankama ba sai da manoma suka tabbata itacen da suka rena nasu ne, ba za a zo a ci su tara don sun sari reshensa ba. Mutum yana haƙuri ne da abin da ya san zai dawo hannunsa ko hannun 'ya'yansa. Kaɗanya takan yi shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Wa zai rene ta a gonar da bai tabbata zai taka baɗi ba? A Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, inda ake noman mafi yawan dankalin turawan ƙasar nan, manomi yana tsoron gonarsa mai nisa, makiyayi yana tsoron a kore masa shanu ko a tare shi a hanya. A jajibirin Kirsimetin 2023 an kashe mutane fiye da ɗari a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi. Mu na cikin gari mun ga rikicin Satumbar 2001, mun ga na Nuwambar 2008, mun ga na Janairun 2010, mun ga yadda unguwanni suka rabu, kowa ya koma cikin nasa. Ɗan abin da ya farfaɗo na yarda tsakaninmu, ni dai a kasuwa na gan shi yana tofo, wajen matar da ta kawo kabejinta daga ƙauye ta bar wa dillali bashi, ya biya ran da ya ce, ta sake kawowa. Shekaru ake yi ana tara irin wannan, dare ɗaya kuma ya isa ya ƙone shi. Gwamnatin da ke son mutane su yi haƙuri, ta fara tabbatar musu cewa wanda ya shuka shi zai girbe.

Gawon nan ma yana da nasa darasin da nake tunawa in na tsaya gaban aji. Shi da damina yake zubar da ganye, lokacin da kowane itace ya yi kore shi yana tsaye kamar matacce. Sai rani ya shigo, kowa ya bushe, sannan ya yi ganye ya ba dabbobi abinci, gero kuma ya fi kyau a ƙarƙashinsa. Na ga yara irinsa. Na kuma ga yadda waya ta sa kowa yana auna kansa da daminar wani. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyar ya ga sa'ansa a hoto jingine da mota, sai ya ji shi ya makara a duniya, alhali bai san ko motar aro ce ba.

To duk da laifin na sama, ban yarda mu jingina da shi mu zauna ba, kuma ban yarda mu ce tunda an cuce mu sai mu ma mu ɗauki kabayid ba. Asarar a kanmu take faɗawa. Adashin yayata ne ya tafi, ba na wani minista ba. An ruwaito daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ko alƙiyama ce ta zo alhali akwai dashen dabino a hannun mutum, in zai iya dasawa ya dasa. Abin da ke hannunmu shi ne sharar gonarmu: sana'a ɗaya da za a tsaya a kanta har a iya, shafi ɗaya a rana, naira kaɗan da za a ajiye, yaro ɗaya da za a bari ya gama ajinsa. Muna yi muna tambayar shugabanni ina nasu irin, ba ɗayan da ke hana ɗaya.

Ɗan yayata ya yi wata biyu ba ya son fita. Daga baya na kai shi wajen wani mai gyaran injin ban ruwa da janareta a Dilimi. Watannin farko wankin ƙarfe kawai yake yi a cikin fetur, sai miƙo sifana, sai aike. Ya zo mini sau biyu yana cewa shi da difloma ba zai ƙare a wanke-wanke ba. Na ce ya ƙara wata ɗaya. Bai daina ƙorafi ba, amma bai daina zuwa ba. Hannunsa ya yi baƙi, farcensa ya karye, ya fara mayar wa mahaifiyarsa kuɗinta kaɗan-kaɗan daga abin da maigidansa ke ba shi.

Bazarar da ta wuce, ana tsakiyar zafi, tafki ya ja baya, injin Baffa ya tsaya, ga kabeji ya fara naɗe kai yana neman ruwa safe da yamma. Na ɗauki yaron muka je. Ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya kwance kafireto ya jera sassan a kai bi da bi, ya wanke, ya hura, ya mayar. Ya ja igiya, injin ya yi tari ya mutu. Ya sake kwancewa. Baffa yana tsugune gefe bai ce uffan ba. A karo na biyu ma haka. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa, na ga ya tsaya ya yi shiru yana duban injin, sannan ya cire fulogi ya duba, ya kankare, ya gyara bakinsa, ya ɗaura. Ya ja. Injin ya kama, tiyo ya kumbura, ruwa ya yi tsalle ya bi magudana yana shiga tsakanin kabeji.

Baffa ya miƙe ya sa hannu a aljihu ya ce, "Abokina, nawa ne aikinka?" Yaron ya ce, "Haba Kaka, a bar shi." Baffa ya ce, "A'a. Mai sana'a ba ya aikin banza." Ya ƙirga ya danƙa masa. Can gabas hadari ya ɗan taso, baƙi siriri a bayan tsibin yashi. Baffa ya ɗaga kai ya dube shi sau ɗaya, ya ɗauki fartanyarsa ya bi ruwan yana buɗe masa hanya zuwa fangali na gaba.